CIWON IDON DA BA A YI MASA HAƘURI

Daga Wakilinmu

Hausawa kan ce ciwon ido sai haƙuri, kuma a mafi yawan lokaci gaskiyarsu ne, domin afolo da sauran ƙananan cututtukan ido sukan yi 'yan kwanakinsu su wuce. Amma akwai wani ciwo wanda haƙuri da shi yakan jawo asarar ido, wani lokaci ma har da rai. Wannan ciwo shi ne wanda fumfuna take haddasawa idan ta shiga ta hanci ta haura zuwa kwarmin ido. Likitocin da suka san shi da kwanaki suke lissafinsa, domin mutumin da ya kwana da ciwon gefen fuska ranar Lahadi yana iya wayar gari ranar Alhamis idonsa guda ba ya gani.

Ciwon ba shi da yawa a cikin jama'a, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Duk da haka ya kamata masu karatu su san shi, musamman waɗanda suke da mai ciwon sukari a gida, saboda su ne za su fara ganin alamominsa tun kafin likita ya gani.

MECE CE WANNAN FUMFUNA?

Kowa ya san fumfunar da take fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Irin wannan halitta tana ko'ina: a cikin ƙasa, da juji, da kashin dabbobi, da ruɓaɓɓen ganye, da rumbun da damshi ya kama. Tana sakin ƙananan ƙwayoyin irinta a cikin iska, waɗanda ido ba ya iya gani, kuma babu ranar da ɗan Adam ba ya shaƙar su. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne, domin majina da fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da suke tsaron jiki, sukan gama da su nan take.

Iri biyu ne suka fi yin ɓarna a kwarmin ido. Na farko su ne dangin Muko, waɗanda wata mai suna Raizofus ta fi kowace yawa a cikinsu, kuma cutar da suke kawowa ita ce likitoci suke kira mukomaikosis. Na biyu su ne dangin Asfajilas. Tun a shekarar 1885 wani likita a Turai mai suna Arnold Paltauf ya bayyana cutar mukomaikosis a jikin ɗan Adam. A shekarar 1943 kuma likitoci uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka ba da bayanin wasu majiyyata uku masu ciwon sukari, waɗanda cutar ta kama su daga hanci zuwa ido har ƙwaƙwalwa, kuma dukkansu suka rasu. Sai a shekarar 1955 aka fara samun rahoton wanda ya kamu da irin wannan ya tashi.

YADDA TAKE KAI WA GA IDO

Domin a gane yadda abin da ya shiga ta hanci yake cin ido, sai a san yadda aka gina fuska. A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna masu iska, huɗu a dama huɗu a hagu, kuma dukkansu suna da ƙofa zuwa cikin hanci. Kwarmin ido kuwa ƙasusuwa bakwai ne suka haɗu suka yi shi, kuma waɗannan koguna sun kewaye shi ta sama da ta ƙasa da ta wajen hanci. Bangon da ya raba shi da kogon da yake tsakanin idanu siriri ne ƙwarai, har ma masana sun yi masa suna da ma'anar takarda. A can ƙarshen kwarmin akwai 'yan ƙofofi inda jijiyar gani da jijiyoyin da suke juya ido suke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa.

Idan ƙwayar fumfuna ta sauka a cikin hancin wanda jikinsa ya yi rauni, sai ta tsiro ta yi zare-zare. Mugun halin dangin Muko shi ne kutsawa cikin jijiyoyin jini. Da zarar zaren ya shiga jijiya sai jini ya daskare ya toshe ta, naman da take shayarwa ya mutu ya yi baƙi. Wannan baƙin mataccen nama ne ya sa jaridu suka riƙa kiran cutar baƙar fumfuna, ko da yake ita kanta fumfunar da take cikin naman ba baƙa ba ce. Daga kogon hanci sai ta keta siririn bangon nan ko ta bi jijiya ta faɗa kwarmin ido. Idan ta isa ƙarshen kwarmin, ido yakan tsaya cik ba ya motsi, gani ya ɗauke, kuma daga nan tazarar da take tsakaninta da ƙwaƙwalwa kaɗan ce.

WA TAKE KAMAWA?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Babbar tsagar da wannan cuta take bi ita ce ciwon sukarin da ba a kula da shi ba. Idan sukari ya hau ƙwarai har jini ya yi tsami, abubuwa biyu suke faruwa: fararen ƙwayoyin jini sukan yi sanyi su kasa aikinsu, sannan sinadarin ƙarfen da yake ɗaure a cikin jini yakan kwance, shi kuwa abinci ne ga fumfunar. Sau da yawa ma a ranar da aka kai mutum asibiti da kumburarren ido, a ranar ce ake gane yana da ciwon sukari.

Tsaga ta biyu ita ce magungunan sitiroyid, irin su deksametason da firednisolon. Magunguna ne masu amfani idan likita ya rubuta su da ƙa'ida, amma suna danne garkuwar jiki, kuma suna tayar da sukari. Sauran waɗanda suke cikin haɗari sun haɗa da masu sankarar jini, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa suke shan maganin hana jiki ƙin ta, da waɗanda ake bai wa maganin difaroksamin domin rage ƙarfe a jini.

DARASIN INDIYA

Duniya ba ta farga da girman wannan haɗari sosai ba sai a shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sake turnuƙewa a ƙasar Indiya. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi yawan masu ciwon sukari a duniya, kuma a cikin firgicin annobar an ba mutane da yawa sitiroyid fiye da ƙima, wasu kuma suka saya da kansu suka sha. Bayan 'yan makonni sai asibitoci suka cika da masu kumburin fuska da ido, musamman a jihohin Maharashtra da Gujarat. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin tarayyar ƙasar ta nemi jihohi su sanya cutar cikin waɗanda dole ne a kai rahotonsu ga hukuma, kuma zuwa watan Yuli an ƙidaya mutum fiye da 45,000 da suka kamu, fiye da 4,000 kuma sun mutu. Maganin cutar ya yi ƙaranci har dangin majiyyata suna yawon nemansa gari-gari.

Likitocin ido na ƙasar sun tattara bayanin majiyyata 2,826 waɗanda cutar ta taɓa musu hanci da ido, suka tarar kashi 78 cikin ɗari masu ciwon sukari ne, kashi 87 cikin ɗari kuma an ba su sitiroyid. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 da suka fi barazana ga lafiyar jama'a, kuma dangin Muko da na Asfajilas duk suna ciki.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

A ce ga wani magidanci mai ciwon sukari wanda ya daina shan maganinsa. Ya wayi gari da ciwon kai da zogi a kunci guda, hancinsa na wannan gefen a toshe. Iyalinsa za su ce mura ce. Kashegari majina mai jini-jini ko mai duhu ta fara fita, kuncin ya yi kamar ba nasa ba, wato ya daina jin taɓi. A rana ta uku fatar ido ta kumbura, a ce masa afolo ne, a sayo maganin ɗigawa. A rana ta huɗu fatar idon ta faɗo ta rufe ido, idan an ɗaga ta sai a ga ƙwayar idon ta turo waje, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Daga nan sai gani ya dushe, mutum ya fara magagi. Wannan ita ce hanyar da cutar ta saba bi, ko da yake takan fi haka sauri ga wani, ta fi haka jinkiri ga wani.

Abin da ya raba wannan da afolo a fili yake. Afolo yakan sa ido ya yi ja da ƙaiƙayi da kwantsa, yakan tsallaka zuwa ɗaya idon, ya kuma bi mutanen gida. Ba ya turo ido waje, ba ya hana shi juyawa, ba ya kashe kunci. Haka nan idan haƙoran sama suka fara girgiɗi ba dalili, ko aka ga baƙin tabo a ganɗa ko a cikin hanci, to lamarin ya yi nisa. Kada a jira ganin wannan baƙin tabo, domin ba kowa yake yi wa ba, kuma kada a ce tun da babu zazzaɓi babu haɗari. Mai ciwon sukari ko mai shan sitiroyid da ya ji ciwo a gefen fuska guda tare da kowane canji a ido, wurinsa babban asibiti ne a wannan rana.

YADDA LIKITA YAKE GANE TA

Aiki na farko shi ne auna sukari da tsamin jini, da duba ƙarfin gani da motsin ido. Daga nan likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zura wani siririn bututu mai fitila a cikin hanci ya duba. Lafiyayyen naman hanci ja ne, kuma yakan yi jini idan an taɓa shi. Idan ya tarar da naman ya koɗe ko ya yi baƙi, ba ya jini, ba ya jin zafi, zato ya yi ƙarfi. Nan take zai yanko ɗan ƙaramin yanki a kai ɗakin bincike.

Wannan ɗan yanki shi ne mabuɗin al'amarin. Ana ɗiga masa wani ruwa mai narkar da nama ya bar zaren fumfuna, a duba a madubin likita, kuma ana iya samun amsa a ranar. Zaren dangin Muko faffaɗa ne kamar ƙyalle, kusan ba shi da gaɓoɓi, kuma rassansa sukan fita a miƙe zuwa gefe. Na Asfajilas siriri ne mai gaɓoɓi kamar kara, rassansa kuma a karkace suke fita kamar gwafa. Bambancin yana da muhimmanci ainun, domin maganin borikonazol, wanda shi ne kan gaba wajen kashe Asfajilas, ba ya yi wa dangin Muko kome. Akan kuma shuka wani ɓangaren naman a ga abin da zai tsiro, amma sau da yawa ba ya tsirowa ko da cutar tana nan, saboda haka rashin tsirowa ba ya wanke majiyyaci. Gwajin jinin da aka saba yi ma ba ya kama dangin Muko.

Sai kuma hoto. Hoton CT yana nuna kogunan da suka toshe da ƙashin da ya zaizaye, shi kuwa na MRI ya fi nuna inda cutar ta kai a cikin kwarmin ido da ƙwaƙwalwa. A farkon ciwo hoton yana iya fitowa kamar na mai tsohuwar mura kawai. Don haka ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce idan zato ya yi ƙarfi a fara magani, kada a zauna jiran sakamakon ƙarshe. Wani bincike da aka buga a shekarar 2008 a kan masu sankarar jini 70 a wani asibiti na birnin Houston a Amurka ya nuna cewa waɗanda aka yi jinkirin kwana 6 ko fiye kafin a fara musu maganin da ya dace, wajen kashi 83 cikin ɗari sun mutu, alhali waɗanda aka fara wa da wuri kashi 49 ne.

MAGANI MAI DUWATSU UKU

Kamar murhu, maganin wannan cuta a kan duwatsu uku yake zaune, kuma idan aka cire ɗaya tukunya ba ta tsayawa.

Dutse na farko shi ne gyara abin da ya buɗe wa cutar ƙofa. Ana saukar da sukari da allurar insulin, a gyara tsamin jini da ƙarin ruwa, a rage sitiroyid ko a janye shi bisa kulawar likita. Wanda ya daɗe yana shan sitiroyid bai kamata ya yanke shi dare ɗaya da kansa ba, domin yin haka ma yana da nasa haɗarin.

Dutse na biyu shi ne maganin Amfoterisin B, wanda aka samo a shekarar 1955 daga wata ƙwayar halitta da aka tarar a cikin ƙasar yankin kogin Orinoko na Benezuwela. Ta jijiya ake ba da shi a cikin ƙarin ruwa, kowace rana, har tsawon makonni. Tsohon samfurinsa yana da araha, amma yana wahalar da ƙoda, yana zubar da gishirin fotashiyam daga jiki, yana kuma sa zazzaɓi da karkarwa, saboda haka dole a riƙa gwada jinin majiyyaci a kai a kai. Sabon samfurin, wanda aka lulluɓe da maiƙo, ya fi sauƙi ga ƙoda, kuma shi ne masana suka fi so, sai dai tsadarsa. Ana ba da miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ke nan mutum mai kilo 60 yana bukatar aƙalla miligiram 300, wato kwalba shida masu miligiram 50 a kowace rana. Idan ciwo ya lafa akan mayar da majiyyaci kan fosakonazol ko isabukonazol, waɗanda ake iya haɗiya, ya ci gaba da su har na wasu watanni.

Dutse na uku shi ne tiyata. Magani jini yake bi ya isa inda ciwo yake, mataccen nama kuwa jini ba ya zuwa gare shi, saboda haka kome yawan allurar da aka yi, fumfunar da take ɓoye a cikinsa ba za ta ji ba. Dole a shiga ta hanci da bututu a kankare duk abin da ya mutu har a kai ga naman da yake jini, kuma sau da yawa akan sake komawa sau biyu ko uku. Idan cutar ta ɗan taɓa kwarmin ido kuma da sauran gani, likitocin ido sukan yi allurar Amfoterisin a bayan ƙwayar ido domin su cece shi. Idan kuwa ido ya riga ya mutu, kwarmin ya cika da cuta tana neman ƙwaƙwalwa, akan kai ga shawara mafi ɗaci, wato a cire idon da duk abin da yake cikin kwarmin. Iyalai da yawa sukan ja da baya a wannan gaɓa, kuma ba abin mamaki ba ne, amma ya kamata su sani cewa likita ba ya kawo wannan magana sai yana neman tserar da rai. Bayan warkewa ana iya yi wa mutum idon roba da zai rufe gurbin. Duk da wannan ƙoƙari, kusan rabin waɗanda mukomaikosis ta kama ba sa tashi, kuma idan ta shiga ƙwaƙwalwa adadin ya fi haka.

MAI TAFIYAR HAWAINIYA

Akwai wani nau'in ciwon da halinsa ya saɓa wa wanda aka bayyana a sama, kuma ya fi kusa da mu. A shekarar 1969 likitoci a birnin Khartum na Sudan suka buga bayanin mutum 17 waɗanda Asfajilas ta yi musu ƙullutu mai tauri a kogunan hanci, yana tura ido waje sannu a hankali. Tun daga lokacin an ci gaba da ganin irinsa a Sudan da Indiya da Pakistan da Saudiyya, wato ƙasashe masu zafi da ƙura. Abin lura shi ne wannan nau'i yakan kama mutane masu cikakkiyar lafiya, waɗanda ba su da sukari. Fumfunar da take kawo shi kuwa ita ce dai wadda take kama gyaɗa da masara idan an adana su da damshi, ta bar musu dafin nan mai lalata hanta.

Mai wannan ciwo yakan yi watanni ido guda yana fitowa kaɗan-kaɗan, sau da yawa ba tare da zafi ba, har a yi zaton ƙari ne ko sankara. A nan ma ɗan yankin nama ne yake raba gardama. Maganinsa tiyata ce tare da borikonazol na tsawon watanni, kuma idan an zo da wuri ana samun nasara fiye da ta mukomaikosis. Yakan dawo idan an yanke magani kafin lokaci, saboda haka komawa ganin likita wajibi ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abubuwan da suka haɗu suka jawo wa Indiya wannan masifa ba baƙi ba ne a garuruwanmu. Akwai masu ciwon sukari da yawa da ba su san suna da shi ba, akwai waɗanda suka sani suka ajiye magani saboda tsada ko saboda an ce musu sun warke. Ana kuma sayar da sitiroyid a kantunan magani da tallan kasuwa ba tare da takardar likita ba, wasu suna sha domin ciwon gaɓɓai, wasu kuma, musamman mata, domin neman ƙiba.

Saboda haka mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya riƙa auna jininsa. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a gwada shi ko da yana jin garau. Masu kantin magani su ji tsoron Allah su daina miƙa sitiroyid ga duk wanda ya miƙo kuɗi. Ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara kuma, idan mai sukari ya zo da kumburin ido guda, kada su tsaya gwada masa allurai kwana da kwanaki, su tura shi gaba inda ake da likitan hanci da na ido, kamar asibitocin koyarwa na jami'o'i, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da take Kaduna.

Muna kuma kira ga hukumomin lafiya da su tabbatar manyan asibitoci suna da Amfoterisin B a ajiye, da ma'aikatan ɗakin bincike da suka iya gane zaren fumfuna a madubi. Majiyyacin da aka gane cutarsa ranar Litinin, iyalinsa suka samo magani ranar Asabar, an yi masa asarar kwana biyar waɗanda babu likitan da zai iya mayar masa da su. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.